Kira da Iso: Rayuwar Bishop Herbert Tugwell da Tafiyarsa Kano a Shekarar 1900

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan rayuwar Herbert Tugwell (1854–1936), bishop na ɗariƙar Angilikan wanda ya jagoranci tawagar 'yan mishan ta farko da ta shiga fadar Kano da niyyar zama, a watan Afrilun 1900. An fara da fayyace ma'anar "kira" da matsayin bishop a tsarin wannan ɗariƙa, sannan aka bi sawun Tugwell daga Ingila zuwa Legas, daga can zuwa Zariya da Kano. An nuna cewa tawagar ta zo da tabbacin kira da guzurin harshe, amma ba ta zo da iso ba, kuma wannan giɓi ne ya sa Sarkin Kano Alu ya sallame ta cikin 'yan kwanaki. Daga ƙarshe an duba yadda mutanen da tafiyar ta jawo suka zama masu hannu a rubutun boko da ƙamus da fassara a harshen Hausa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi nisa a nazarin Hausa ya saba da sunayen Schön da Robinson da Miller da Bargery da Ɗan Hausa. Ana ambatonsu a darasin tarihin rubutun boko, ana jera ayyukansu da shekarun da aka buga su. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yawancinsu ma'aikatan coci ne, kuma uku na ƙarshe sun shigo ƙasar nan a ƙarƙashin shugaba guda, wato Bishop Herbert Tugwell. Shi kansa bai bar ƙamus ko littafin nahawu da ɗaliban Hausa ke karantawa ba, shi ya sa sunansa ya ɓace daga darussa. To amma sanin abin da ya kawo shi, da yadda ya fahimci aikinsa, da inda lissafinsa ya kuskure, yana taimaka wa manazarci ya gane yanayin da aka samar da waɗannan littattafai da har yau ake dogaro da su.

2.0 Kira da Matsayin Bishop a Ɗariƙar Angilikan

A bakin Kiristoci Hausawa, "kira" na nufin tabbacin da mutum ke samu a zuciyarsa cewa Allah ya keɓe shi domin wani aiki. Ɗariƙar Angilikan, wadda ta samo asali daga Cocin Ingila, ba ta wadatuwa da wannan tabbaci shi kaɗai. Dole ne ikkilisiya ta gwada mai da'awar kira, ta horar da shi, sannan bishop ya ɗora masa hannu ya naɗa shi. Ke nan kira yana da fuska biyu: na ciki wanda mutum ke ji, da na waje wanda hukuma ke tabbatarwa.

Muƙaman naɗi uku ne. Na farko dikin, wanda ke taimakawa a hidima. Na biyu firist, wato limamin coci mai jagorancin sujada da raba jibin Ubangiji. Na uku bishop, wanda ke riƙe da yanki guda da ake kira dayosis, shi ke naɗa firistoci, shi ke tura su inda za su yi aiki, kuma alhakin duk wanda ke zaune a yankinsa yana wuyansa, a fahimtar ɗariƙar. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga tarihin Tugwell. Dayosis ɗinsa a takarda ya haɗa ƙasar Yarbawa da gaɓar Kwara da abin da ke arewa da su. Saboda haka, a ganinsa, Kano da Zariya suna cikin kiwonsa tun kafin ya taka ƙasarsu, ko da yake masu ƙasar ba su san da wannan rabo ba.

3.0 Tugwell Kafin Tafiyar Kano

An haifi Tugwell a Ingila a 1854. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, aka naɗa shi a farkon shekarun 1880, ya yi hidima a garin Petworth, kafin ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da aka fi sani da C.M.S., wadda ta tura shi Legas.

Ya iso a lokacin da mishan ɗin Kwara ke cikin rikici. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga jirgin bayi kuma ya zama bishop baƙar fata na farko a ɗariƙar a 1864, ya tsufa. Wasu samarin Turawa 'yan mishan sun taso suna sukar ma'aikatansa 'yan Afirka, suka dakatar da da dama daga cikinsu. Crowther ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891 cikin wannan ɓacin rai. C.M.S. ta ƙi amincewa a naɗa ɗan Afirka a gurbinsa. Aka naɗa Bature, Joseph Sidney Hill, a 1893, aka ba shi mataimaka biyu 'yan ƙasa, Isaac Oluwole da Charles Phillips. Hill bai daɗe da sauka Legas ba zazzaɓi ya kashe shi a Janairun 1894. A watan Maris na wannan shekara aka naɗa Tugwell a madadinsa.

Ke nan ya gaji kujera mai tabo. Ikkilisiyoyin yankin Neja-Dalta, ƙarƙashin Dandeson Crowther ɗan marigayin, sun riga sun janye daga ikon C.M.S., kuma sai da aka yi shekaru ana sulhu kafin a daidaita da su. Wani abin da ya shahara da shi a waɗannan shekaru shi ne yaƙi da cinikin barasar da kamfanonin Turai ke jibgewa a gaɓar teku. A 1899 ya rubuta wa wata jaridar Landan cewa giya ce ke kashe mafi yawan Turawan da ke mutuwa a gaɓar, abin da ya sa aka kai ƙararsa a Legas bisa zargin ɓata suna, ko da yake ƙarar ba ta kai ga hukunta shi ba. Wannan ya nuna halinsa: mutum ne da idan ya gamsu da abu ba ya jiran yardar masu iko, ko da 'yan'uwansa Turawa ne. Halin da ya sa shi tsayawa gaban 'yan kasuwar Legas shi ne ya kai shi ƙofar Kano bayan shekara guda.

4.0 Yadda Ƙasar Hausa ta Shiga Zukatan 'Yan Mishan

Sha'awar C.M.S. ga Hausa ta girme Tugwell. James Frederick Schön ya fara tattara kalmomin Hausa tun tafiyar Kwara ta 1841, ya buga nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, wanda mafi yawansa daga bakin Ɗorugu aka ɗauka. Schön bai taɓa ganin Kano ba. A 1890 Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson suka sauka Lakwaja da burin kutsawa ƙasar Hausa cikin shigar 'yan ƙasa, amma dukansu biyu suka rasu a can cikin shekara biyu. Domin tunawa da Robinson aka kafa Ƙungiyar Hausa a Ingila, wadda ta tura ƙanensa Charles Henry Robinson, ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya zauna 'yan watanni, ya koma da rubuce-rubucen ajami waɗanda ya buga a 1896, sannan ya fitar da ƙamusinsa a 1899 da 1900.

Rubuce-rubucen wannan zamani sun dasa wata fahimta a zukatan masu karatu a Ingila. Sun ce masu jin Hausa sun kai miliyan 15, mutane ne masu sana'a da fatauci da karatu, kuma Musulunci a wurinsu tufa ce da Fulani masu mulki suka ɗora musu tun jihadin 1804, wadda za su tuɓe da zarar sun sami zaɓi. Wannan fahimta ta manta cewa Musulunci ya shiga fadar Kano tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma Al-Maghili ya rubuta wa Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki tun ƙarshen ƙarni na 15. Amma ita ce ta zama guzurin tawagar 1900, kuma ita ta sa suka ɗauka cewa harshe shi ne mabuɗin da ya rage.

Saboda haka aka tura samari uku Tarabulus, inda alhazai da fatake Hausawa ke yada zango, domin su koyi harshen daga bakin masu shi: likita Walter Miller, da firistoci biyu, A. E. Richardson da Dudley Ryder. A can ne Miller ya haɗu da Abdulmajid Tafida, yaro Bakatsine da ke kan hanyar hajji, wanda daga baya ya zama babban mataimakinsa a aikin harshe.

5.0 Tafiyar 1900

Tawagar ta bar Ingila a ƙarshen 1899. Su biyar ne: Tugwell, da mutanen Tarabulus uku, da J. R. Burgin. Daga Legas suka keta ƙasar Yarbawa a ƙasa har Jebba, inda Lugard ya kafa hedikwatarsa bayan ya ayyana Arewa a matsayin ƙasar kariyar Ingila a ranar 1 ga Janairu, 1900. Ayyanawar ta baki ce kawai, domin a lokacin ikonsa bai wuce gaɓar Kwara da Binuwai ba. Lugard bai so su wuce inda sojojinsa za su iya kare su, amma Tugwell ya ci gaba.

A Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su da fara'a, ya kuma nuna yana so su zauna. Yana da dalilinsa, domin hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, sun addabi ƙasarsa, kuma yana neman abokan da za su rage masa nauyi. Tugwell ya ɗauki Zariya a matsayin zango kawai. Idonsa na kan Kano, wadda littattafan Turai suka kambama a matsayin babbar kasuwar Sudan.

Sun isa Kano a watan Afrilu, aka kai su gaban Sarki Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu. Bayanan da 'yan tawagar suka bari sun nuna cewa ganawar ba ta yi tsawo ba. An tambaye su ko su wane ne, wa ya aiko su, da abin da suke nema. Suka ce su malamai ne da masu magani, suna roƙon wurin zama. Sarki ya nuna musu cewa Kano na da malamanta, ya kuma nuna fushinsa ga shigowarsu ƙasarsa ba tare da izini ba. Aka ba su wa'adin kwana uku su bar gari. Ba a taɓa lafiyarsu ba, ba a ƙwace kayansu ba.

5.1 Dalilan Sallamar

An saba bayyana wannan sallama da dalilin addini kaɗai. Addini yana ciki, babu shakka, amma wanda ya duba halin da Kano ke ciki a 1900 zai ga wasu dalilai guda uku.

Na farko, sarautar Alu da takobi aka same ta. Bayan rasuwar Sarki Bello a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, sai Yusufawa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, kudu maso gabas da Kano ta hanyar Wudil. Yusufu ya rasu a Garko, aka miƙa wa Alu jagoranci, ya ci Kano a 1894. Sarkin da ya hau bisa saɓa wa zaɓin Sakkwato, kuma yake ƙoƙarin gyara tsakaninsa da ita, ba zai so a ce shi ne ya fara saukar da Nasara masu wa'azi a birninsa ba.

Na biyu, Turawa sun riga sun yi wa daular zobe. Kamfanin Kwara ya ci Bida da Ilori a 1897. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, bayan kashe Kyaftin Cazemajou da aka yi a can a 1898. A cikin watan Afrilun da Tugwell ya shiga Kano ne Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri. A irin wannan yanayi, Turawa biyar da suka fito daga sansanin Lugard da dogon ayarin 'yan dako ba za a ɗauke su baƙin alheri ba, komai kyawun niyyarsu.

Na uku shi ne batun iso. A tsarin fadar Hausa, baƙo mai daraja yana aiko da manzo tun daga nesa, a ba shi izini, a haɗa shi da ɗan rakiya, a ba shi mai masauki wanda zai tsaya masa, sannan a yi masa iso. Kowane mataki yana amsa tambaya guda: wa ya san wannan mutum, kuma wa zai ɗauki alhakinsa? Tawagar Tugwell ta koyi gaisuwa da nahawu a Tarabulus, amma ba ta da wanda zai tsaya mata a fadar Kano. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Abin lura kuma shi ne ɗariƙar Tugwell ita kanta ba ta yarda da kiran ciki sai hukuma ta tabbatar da shi. A Ingila ya san wannan ƙa'ida sarai. A Kano ya zo da kiran ciki, ya ɗauka naɗin da aka yi masa a Landan ya isa izini, alhali hukumar da ke da ikon ba shi wuri tana zaune a gabansa.

5.2 Girku da Loko

Da suka koma Zariya sai suka tarar fuska ta sauya, domin Kwasau ba zai iya karɓar waɗanda Kano ta kora ba. Suka zauna a Girku, kudu da Zariya, kusa da wani sansanin sojan Turawa. A can Ryder ya rasu, aka mayar da Richardson gida saboda rashin lafiya, gobara kuma ta cinye masaukinsu. A farkon 1901 aka janye su zuwa Loko a bakin Binuwai. Tafiyar ta bar wa Lugard hujjar da shi da magadansa suka riƙe shekaru da dama wajen hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, musamman bayan alkawarin da ya yi a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addini ba. Wato yunƙurin buɗe ƙofa ya taimaka wajen ƙara mata sakata.

6.0 Abin da Tafiyar ta Haifar wa Harshen Hausa

Idan an auna tafiyar da burinta, ba ta yi nasara ba. Amma mutanen da ta tara sun zauna, kuma da yake an hana su wa'azi a birane, sai ƙarfinsu ya koma kan harshe da makaranta da asibiti.

Miller ya sami shiga birnin Zariya a 1905, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da wurin shan magani. Yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati ta ɗauki haruffan boko a maimakon ajami wajen rubuta Hausa. Shi ne kuma ginshiƙin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakke a 1932, tare da taimakon Hausawa irin su Abdulmajid Tafida da ma'aikatan wasu ƙungiyoyin mishan. Hanns Vischer ya fara zuwa ne a matsayin ɗan mishan na C.M.S. a Loko, kafin ya koma aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, ya tsara ƙa'idojin rubutun Hausa da aka buga a 1912, Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa. G. P. Bargery shi ma ta wannan mishan ya shigo, daga baya ya koma sashen ilimi, ya kuma fitar da ƙamusinsa a 1934 mai kalmomi kimanin 39,000, wanda har yau manazarta ba su daina buɗa shi ba.

A ɓangaren jama'a, ƙaramar ikkilisiyar Zariya ta ƙaru da zuwan wasu daga cikin Isawa a wajen 1913, zuriyar almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Daga wannan al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida Umaru wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Ita kuwa Kano, cocin Angilikan ya shige ta ta wata hanyar da Tugwell bai tsara ba. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas suka zauna a Sabon Gari, suka gina majami'unsu a wajen ganuwa. An kafa dayosis na Arewacin Nijeriya a 1954, aka raba shi a 1980, Kano ta sami nata bishop, shekara 80 bayan wa'adin kwana ukun da Alu ya bayar.

7.0 Kammalawa

Tugwell ya riƙe muƙaminsa har 1921, ya koma Ingila ya ci gaba da hidima a wata ƙaramar ikkilisiyar karkara, ya rasu a 1936. Alu kuwa Turawa sun ci birninsa a Fabrairun 1903, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Mutanen biyu sun haɗu sau ɗaya tak, kowannensu yana da tabbacin cewa amana ce a wuyansa: ɗaya amanar kira, ɗaya amanar ƙasa da addinin jama'arta.

Ga mai nazarin Hausa, darasin da ke cikin wannan tarihi na aiki ne. Littattafan farko na nahawu da ƙamus da fassara an rubuta su ne domin wata manufa, kuma manufar ta yi tasiri a kan irin kalmomin da aka tattara, da karin harshen da aka fifita, da haruffan da aka zaɓa. Sanin haka ba ya rage darajar aikin Miller ko na Bargery, sai dai ya sa a karanta su da ido biyu. Haka nan ya kamata a ƙara bin sawun Hausawan da suka zauna tare da su suna faɗar kalma suna gyara jimla, tun daga Ɗorugu har Abdulmajid Tafida, domin da bakinsu aka rubuta abin da ke cikin waɗannan littattafai, ko da yake sunayen wasu ne ke bisa bango.